Dambu, kuskus da aceke

1. Me suke ci a can?

Yara, ku dubi garinmu Kurni bayan girbi. An ɗaure hatsi, an zuba a rumbu. An rore wake, an cire gyaɗa. Sai ka ga mutane sun fara ɗaure kaya. Wasu su nufi Daura, Kano ko Legas. Wasu su yi arewa, zuwa Agadas, Aljeriya ko Libiya. Wasu kuma su gangara kurmi, zuwa Gana ko Kodibuwa. Akwai masu komowa da faɗuwar damina, akwai masu yin shekaru.

Wata rana na tambayi ƴan aji shida: "Wa ke da ɗan'uwa a ƙasar waje?" Hannuwa suka tashi, kaɗan ne suka rage a ƙasa. Na sāke tambaya: "To, me suke ci a can?" Aji ya yi tsit. Mun san kuɗin da suke aikowa. Mun san bargo da salular da suke kawowa tsaraba. Amma ba mu san abin da ke cikin tukunyarsu ba.

Don haka muka yi bincike. Muka gayyato mutum biyu na garinmu. Ɗaya dattijuwa ce da ta yi shekara uku a Tamanraset. Ɗaya kuma dattijo ne da ya yi shekara goma sha shida a Abijan. Muka shimfiɗa musu tabarma a gindin dogon yaro, kowa ya ɗauko littafinsa na rubutu. Ga abin da muka ji.

2. Labarin Inna: Tamanraset

Tamanraset babban gari ne a kudancin Aljeriya, cikin duwatsun Ahaggar. Mai zuwa can daga nan sai ya bi Matameye, Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit da Asamaka, sannan ya ƙetare iyaka zuwa In Gezam. Hanyar hamada ce, mai haɗari ƙwarai. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, kuma da yawa daga cikinsu ƴan ƙasarmu ta Kance ne. Da wannan Inna ta fara. Ta ce ba ta ba kowa shawara ya bi hanyar nan, balle da yaro a baya.

Wata yarinya ta ɗaga hannu:

— Inna, mene ne abin da kika fara ci da kika isa?

— Burodi, ƴata. Da safe burodi, da rana burodi, da dare burodi. Da shi suke ɗibar miya, kamar yadda muke yi da lomar tuwo. In ci in ƙoshi, amma raina yana ce mini ban ci komai ba. Mu nan, in ba a sha fura ba, ba a ci tuwo ba, ai an kwana da yunwa. Kwana goma cikina ya ɗaure. Wata ƴar Magariya da na iske can ta ce in yawaita shan ruwa, in riƙa cin dabino da ganye. Sannan na samu sauƙi.

— Babu hatsi a can ne, Inna?

— Akwai a kasuwa, daga ƙasarmu ake kai shi, amma tsada gare shi. Kuma ina turmi? Ina taɓarya? Mu shida muke haya a ɗaki guda. Abin da ya taimake ni shi ne ɗan ƙunshin da na tafi da shi: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daudawa, yaji da busasshen zogale. Ranar da kewar gida ta dame ni, sai in tuƙa tuwo da tsakin alkama, in kaɗa miyar kuka. Ba tuwon hatsi ba ne, amma ƙanshin daudawa kaɗai ya isa ya kai ni Kurni ya dawo da ni.

A nan na tuna wa yara cewa kai hatsi arewa ba sabon abu ba ne. A zamanin da, Buzayen Ahaggar sukan ɗoro gishirin Amadror a kan raƙuma, su kawo Damargu, su koma da hatsi.

Inna ta ci gaba:

— Na samu aikatau a gidan wata Balarabiya, ina wanki da wanke-wanke. Can babu murhun duwatsu uku, babu kara, babu itace. Da gas ake girki. Ranar farko da aka kunna shi a gabana, sai da na ruga waje. Uwar ɗakina ta yi dariya, ta kamo hannuna ta koya mini. In an gama girki, a rufe kan tulun gas. In an ji warinsa a ɗaki, kada a ƙyasta ashana, a buɗe ƙofa da taga. Ta kuma gargaɗe ni a kan garwashi. Garin yana kan tudu, sanyin darensa ya fi namu nesa. Mai jin sanyi yakan shigar da gawayi ɗaki ya rufe ƙofa. To, gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mutum cikin barci.

Sai Inna ta gyara zama, ta yi murmushi:

— Ranar wata Juma'a, uwar ɗakina ta ɗauko wata tukunya mai hawa biyu, ta saman duk huji-huji. Na ce: "A'a! Madambaci!" Ta zuba tsakin alkama a faranti, ta yayyafa ruwa, tana murzawa da tafin hannu. Ta ɗora a kan tururi. Miya tana ƙasa tana tafasa: naman rago, karas, kabewa, da wani wake mai kama da ƙwaruru. In ya turara sai ta sauke, ta sa mai, ta warware, ta mayar. Suna ce masa kuskus. Na ce ta ba ni in gwada. Na murza, na warware, ba gudaji ko ɗaya. Ta riƙe baki, ta ce: "Ina kika koya?" Na ce: "Garinmu. Mu dambu muke ce masa." Mako na gaba na yi musu dambun hatsi da zogale, yaranta suka cinye tas. Tun daga ranar ta bar kirana da hannu, ta fara kirana da sunana.

Inna ta faɗa mana al'adu uku da ta koya. Na ɗaya, ba a zubar da burodi cikin shara. Wanda ya gan shi a ƙasa sai ya ɗauka ya aza a kan katanga. Na biyu, in maƙwabciya ta aiko miki abinci, ba a mayar da kwano wayam, ko dabino uku ne a sa ciki. Na uku, in mutum ya gama cin abinci ana ce masa "sahha", wato Allah ya sa lafiya. Da azumi kuwa, da dabino da madara ake buɗa baki, sai wani romo da ake kira shorba. Ta ce ta saba da shi, amma kullum da magariba sai ta tuna kunun tsamiya.

Wani yaro ya ce:

— Inna, duk mutanen can kirki gare su?

— A'a, ɗana, kamar ko'ina ne. Akwai mai raba abincinsa da kai, akwai mai jifanka da baƙar magana saboda launin fatarka. Wanda ya je bara shi ya fi shan wulaƙanci. Ni abin da hannuna ya iya shi ya rufa mini asiri.

3. Labarin Baba: Abijan

Yanzu mu juya kudu. Abijan shi ne gari mafi girma a Kodibuwa, yana bakin teku. Baba ya tafi yana saurayi. Ya bi Maraɗi, Yamai da Wagadugu, daga nan ya shiga jirgin ƙasa. Ya sauka a unguwar Ajame, wurin wasu ƴan Nijar.

Baba ya dubi ƴan maza, ya ce:

— Ku nake so ku buɗe kunne. Na bar Kurni ban taɓa hura wuta ba. Uwata ke dafawa, ƙannena mata ke ɗebo ruwa, ni nawa ci ne. A Abijan mu takwas ne a ɗaki, duk maza, kowa da ranar girkinsa. Da rana ta zo kaina, na zuba shinkafa a tukunya, na tafi hira. Ƙasa ta ƙone, sama ɗanya. Mutum bakwai suka dawo daga aiki a gajiye, suka kwana da yunwa saboda ni. Ba wanda ya zage ni. Shirun nan nasu ya fi mini zagi zafi. Washegari na je wurin wata tsohuwa mai tuwo-tuwo, na durƙusa na ce: "Inna, koya mini." Wata guda ina yi mata ɗibar ruwa, tana nuna mini awon gishiri da awon ruwa.

— Baba, me suke ci a can?

— Rogo, doya, shinkafa, da agade, wato babbar ayaba wadda sai an dafa ko an soya. Suna kirɓa agade da rogo su yi sakwara, suna ce mata futu. Miyarsu ta kwakwar manja ce, ja wur, da kifi. Amma bari in ba ku labarin rogo. Ku nan kukan ɓare rogo ku ci ɗanye, ko ba haka ba? Ni ma haka na saba. Wata rana na ga maƙwabtanmu sun tara rogo a tsakar gida. Na roƙi ɗaya, na ɓare, na hau ci. Na ji ɗaci, na ce ba komai. Kafin la'asar kaina na juyawa, ina ta amai. Sai da aka kai ni wurin likita. Matar gidan ta ce: "Da ka tambaye ni!" Baƙo makaho ne, ko da yana da ido.

Mu tsaya nan mu fahimta. Rogo iri biyu ne: mai zaƙi da mai ɗaci. Mai ɗacin yana da dafi mai yawa a cikinsa. Sai an ɓare, an niƙa ko an jiƙa, an bar shi ya yi tsami, an matse ruwan, an dafa, sannan dafin ya fita. Ko mai zaƙin ma ya fi lafiya in an dafa shi.

Baba ya ce bayan ya warke, ya zauna ya kalli yadda matan ke aikin rogon nan. Su ɓare, su wanke, su niƙa da ɗan tsohon ƙulli da ɗan manja. Su bar shi ya kwana. Su zuba a buhu su matse. Su tankaɗe, su mulmula shi ƙanana-ƙanana, su shanya, su sheƙe. Daga ƙarshe su ɗora a kan tururi.

Yarinyar da ta fara tambayar Inna ta yi tsalle:

— Malam, wannan ma dambu ne!

Baba ya yi dariya:

— Kin gane, jikata. Dambun rogo ne. Sunansa aceke.

Daga nan ya ce mutanen can suna cin ƙaguwa da dodon koɗi. Aji ya ɓarke da dariya, wasu suna toshe hanci. Baba ya bari aka gama, sannan ya ce:

— Haka na yi ranar farko, a gaban mai gidan da nake haya. Bai ce komai ba. Bayan wata biyu aka aiko mini soyayyar fara daga gida. Ina zaune ina ci da yaji, sai ga ƴaƴansa sun kewaye ni, suna toshe hanci kamar yadda kuka yi yanzu. Uban ya kore su, ya ce musu: "Ba a yi wa abincin mutum dariya." Kunya ta kama ni, don na san da ni yake.

— To Baba, in an ba ka abin da addini ya hana fa?

— Naman alade ko giya, ba ka ci, ba ka sha. Amma ba sai ka yamutsa fuska ba. Ka ce: "Na gode, ba na ci." Za su gane, don su ma kusan kowane dangi yana da abin da ba ya ci. In ba ka san naman da ke cikin miya ba, ka tambaya, ko ka zaɓi kifi.

Ya kuma koya mana wata al'ada. In ka je gidan mutum, sai an ba ka wurin zama da ruwa, sannan a tambaye ka labari. In za ka tafi, ba ka miƙewa haka kawai. Sai ka roƙi hanya. Mai gida ya ce ya ba ka rabi. Ma'ana, ɗaya rabin yana hannunsa, don ka sāke dawowa.

4. Me ya sa abinci ya bambanta?

Kowace ƙasa tana cin abin da ruwanta da ƙasarta suka ba ta.

A ƙasar Matameye ruwan sama kamar milimita 500 ne a shekara, cikin wata uku ko huɗu. Hatsi, dawa da wake su ne ke jure haka.

A Tamanraset ruwan shekara ba ya kai milimita 100. Sai dabino da ƴan lambuna. Alkama daga arewacin Aljeriya da ƙasashen waje ake kawo ta.

A Abijan ruwan shekara ya wuce milimita 1,500, kuma damina biyu ake yi. Hatsi ba ya son laima irin wannan. Rogo, agade da kwakwar manja kuwa ita suke so.

Ke nan wanda ba ya cin tuwon hatsi ba rashin wayo ne ya hana shi ba. Kuma duk da bambancin, ku dubi abin da bincikenmu ya gano. Hatsi a Kurni, alkama a Tamanraset, rogo a Abijan, amma dabara guda ce: a mayar da gari tsaki-tsaki, a dafa shi da tururi. Hukumar Unesko ta sa kuskus cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a shekarar 2020, ta sa aikin aceke a 2024.

5. Baƙo ma yana koyarwa

Baba bai tsaya kan kallo ba. Ya shiga sana'ar da ƴan Nijar suka yi suna da ita a Abijan: sayar da aceke da soyayyen kifin teku, da albasa, tumatir da tonka. Abinci ne mai araha, na ɗalibai da leburori. Sunansa garba. Ana cewa daga sunan Garba ya samo asali, saboda yawan masu wannan suna cikin masu sayarwa. Baba ya ce da wannan sana'a ya yi aure, ya sayi shanun noma biyu. Yaron da ya ƙona shinkafa ya zama mai ciyar da unguwa.

A Gana ma haka ne. Hausawa sun daɗe a zangon Kumasi da unguwannin Nima da Sabon Zango na Ankara. Yau mutanen Gana suna cin "tuo zafi", wato tuwon zafi. Suna cin "wace", shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, sunan kuwa daga kalmar wake ya fito. Da safe suna shan koko da ƙosai, suna ce masa kokon Hausa. Baƙi ne suka je da su, har suka zama abincin gari.

Mu riƙe

Baƙo ya tambaya kafin ya ci abin da bai sani ba.
Ba a raina abincin mutane, ba a yi masa dariya.
Abin da addini ya hana, a ƙi shi cikin ladabi.
A cikin baƙon abinci, a nemi abin da ya yi kama da na gida.
Girki ba na mata kaɗai ba ne. Namiji ma ya koya tun yana gida.

Ma'anar kalmomi

Aikatau: aikin da ake yi wa wani don a biya.
Madambaci: tukunya mai huji a ƙasa, wadda ake turara abinci a ciki.
Kurmi: ƙasashen kudu masu yawan ruwa da manyan itatuwa.
Laima: danshin ƙasa ko na iska.
Milimita: ma'aunin da ake auna ruwan sama da shi. Milimita 1,000 su ne mita ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa ake bi daga Kurni zuwa Tamanraset? Ku nuna su a taswira.
2. Me Inna ta ɗauka cikin ƙunshinta? Don me ta zaɓi busassun abubuwa?
3. Me za ka yi in ka ji warin gas a ɗaki?
4. Me ya sa uwar ɗakin Inna ta fara kiranta da sunanta?
5. Wane kuskure Baba ya yi da rogo? Yaya ake fitar da dafin rogo mai ɗaci?
6. Me ya sa kunya ta kama Baba ranar da yake cin fara?
7. Ta ina dambu, kuskus da aceke suka yi kama? Ta ina suka bambanta?

Lissafi

Mutum takwas suna zaune ɗaki guda. Suna cin tiya biyu ta shinkafa kowace rana. Tiya nawa za su ci a kwana 30? In sun raba daidai, tiya nawa ke kan kowane mutum?

Aikin gida

Ƴan maza: ku zauna kusa da murhu yau da dare. Ku rubuta yadda ake miyar kuka, daga ɗora tukunya har saukewa. Ranar da babu makaranta, ku roƙi izini ku gwada da hannunku.

Ƴan mata: ku rubuta yadda ake dambun zogale, da abin da ake bukata, da awon kowane abu.

Kowa da kowa: ku nemi wani a unguwarku wanda ya zauna Najeriya, Libiya ko Saudiyya. Ku gaishe shi, ku tambaye shi abin da ya ci a can, da abin da ya fi kewa na gida. Ranar Litinin za mu karanta a aji.